Cin Moriyar Ganga: Amurka da Sojojinta Masu Baƙar Takarda

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2007, a barikin Fort Stewart da ke jihar Jojiya ta Amurka, wani saje mai suna Kristofer Goldsmith ya yi yunƙurin kashe kansa. Da yake yana da sauran shan ruwa, aka tsince shi, aka kwashe shi sai asibiti. Yaron nan ya shiga soja yana ɗan shekara 18. A 2005 aka kai shi unguwar Sadar ta birnin Bagadaza, cikin ayyukan da aka ɗora masa kuwa har da ɗaukar hotunan gawarwakin mutanen da aka azabtar aka yar. Ya dawo gida, wa'adin aikinsa ya kusa cika, sai hukuma ta ce ba za ta sake shi ba, Iraƙi zai koma. Ana jajibirin tafiyar ne ya yi abin da ya yi. Yana kwance a gadon asibiti jirgin rundunarsu ya tashi. Sai shugabanninsa suka rubuta cewa bai bi jirgi ba, wanda a dokar soja babban laifi ne, suka sallame shi a kan rashin ɗa'a. Takardar da suka ba shi ta hana shi kuɗin karatun jami'a da gwamnati ke biya wa tsofaffin sojoji. Sai da ya yi shekara fiye da goma yana kai kuka ana mayar da shi kafin a gyara ta.

Jama'a, mutum ya nemi hallaka kansa saboda abin da aikinku ya jefa a zuciyarsa, sa'an nan ku hukunta shi don bai tashi daga gadon asibiti ya bi jirgi ba! In ba cin moriyar ganga a ya da kwaurenta ba, mene ne sunan wannan?

Mu da rubutu ne sana'armu, ya kamata mu fi kowa sanin abin da kalma ɗaya ke iya yi wa mutum. Duk sojan Amurka da ya bar aiki ana ba shi wata takarda da ake kira DD-214. A jikinta akwai gurbi ɗan ƙarami inda ake rubuta irin sallamar da aka yi masa, da wani inda ake rubuta dalili. Sallamar nan hawa-hawa ce. Ta sama ita ce ta girmamawa, ita mafi yawan sojoji ke samu. Ƙasa da ita akwai ta gama-gari, irin wadda aka ba Goldsmith. Sai wadda suke kira “ba ta girmamawa ba”. Can ƙasa kuma akwai guda biyu, ta mugun hali da ta wulaƙanci, waɗanda kotun soja kaɗai ke iya yanke wa mutum. A lura da wannan da kyau: ukun farko ba alƙali ke bayar da su ba, a ofis ake rubuta su, kwamanda ya ba da shawara, na gaba da shi ya sa hannu. Sojojin kansu duk wadda ta gaza ta girmamawa sukan kira ta mummunar takarda. Mu a nan baƙar takarda za mu ce.

Mai ta gama-gari ya yi asarar kuɗin karatu. Mai “ba ta girmamawa ba” kuwa, shi yana iya rasa kusan kome: diyyar rauni, da magani a asibitocin Hukumar Kula da Tsofaffin Sojoji, da tsayawar da gwamnati kan yi wa tsohon soja wajen rancen sayen gida, kai har da kabari a maƙabartar sojoji. Idan ya je neman aiki, masu kamfani su ce ya kawo takardarsa. Haka zai yi ta yawo da ita har tsufa.

To, ina matsalar take? Ai soja ba gidan kowa da abin da ya ga dama ba ne, wanda ya yi laifi dole a hukunta shi. Haka ne. Amma mu duba irin laifuffukan da irin ciwon. Ciwon da likitoci ke kira PTSD a taƙaice, wanda za mu kira ciwon razana, yana kama wanda ya ga tashin hankalin da ya fi ƙarfin zuciyarsa. Mai shi ba ya barci, in ya runtsa sai munanan mafarkai. Ƙofa ta buga da ƙarfi ya zabura. Abu kaɗan ya harzuƙa. Ya guji mutane, ya guji duk wurin da zai tuna masa da abin da ya gani. Da yawansu sukan koma wa giya ko ƙwaya ko wiwi don su samu su runtsa. Akwai kuma ɗan'uwansa, wato jijjigar ƙwaƙwalwa da bama-baman gefen hanya suka jawo wa dubban sojoji a Iraƙi da Afganistan, mai sa mantuwa da ciwon kai da kasa riƙe fushi. Yanzu a ɗauki mai irin wannan hali a mayar da shi bariki. Wanda bai yi barci ba zai makara fareti. Mai saurin fushi zai gaya wa na gaba da shi baƙar magana. Mai shan wiwi za a gwada fitsarinsa a kama shi. Mai gudun mutane wata rana zai fice daga bariki ba izini. Abin da likita zai rubuta a matsayin alamar cuta, shi ne daidai abin da kwamanda zai rubuta a matsayin laifi. Wanda ya riga ɗaukar alƙalami shi ke da mutumin.

Kada a ce zato ne muke yi. A watan Mayun 2017 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Dokokin Amurka ya fito da ƙididdiga. Tsakanin 2011 da 2015 an sallami sojoji 91,764 a kan rashin ɗa'a. Daga cikinsu 57,141, wato kashi 62 cikin 100, likitoci sun riga sun gano suna da ciwon razana ko jijjigar ƙwaƙwalwa ko wata larurar da ke iya taɓa ɗabi'a, cikin shekara biyu kafin a kore su. Daga cikin waɗannan marasa lafiya, 13,283 sun fita da takardar “ba ta girmamawa ba”. Ba wai sun zo daga baya suna ƙirƙiro ciwo ba ne. Yana rubuce a fayil ɗinsu tun suna cikin kaki, hukumar da ta rubuta shi ita ce kuma ta kore su.

Me ya sa kwamanda zai yi haka? Ba lalle ne don mugun mutum ne ba, kuma wannan shi ya fi tayar mana da hankali, domin da mugunta ce ta mutum ɗaya da sai a cire shi a huta. Tsarin ne ya gyara masa hanyar. Idan zai sallami soja a kan rashin lafiya, sai an kafa kwamitin likitoci, a auna raunin, a yanke yawan diyya, abin da kan ɗauki watanni da yawa. Duk tsawon lokacin nan sunan mara lafiyan yana cikin jerin rundunarsa, ba zai tafi fagen daga ba, ba a kuma ba da wani a madadinsa ba. Idan kuwa ta hanyar rashin ɗa'a ce, cikin 'yan makonni an gama, an kawo sabon jini. Ga runduna ana shirin mayar da ita Iraƙi karo na biyu ko na uku. Wace hanya kuke jin zai bi? Shi kuma yaron da ake korar, sau da yawa akan ce masa ya zaɓa: ko ya sa hannu ya karɓi baƙar takarda ya tafi gida, ko a gurfanar da shi a kotun soja. Ɗan shekara 21 da rabonsa da barci mai daɗi tun kafin ya tafi yaƙi, gida kawai yake so. Ya sa hannu.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni. A 2007 wani ɗan jarida mai suna Joshua Kors ya buga labarin Jon Town a mujallar The Nation. Roka ce ta fashe kusa da Town a garin Ramadi a 2004, ta taɓa masa ji, har aka ba shi lambar da ake ba waɗanda suka ji rauni a yaƙi. Da aka tashi sallamarsa sai aka rubuta cewa yana da gurɓacewar ɗabi'a, wato wata larura da ake ɗauka mutum ya taso da ita tun kafin ya shiga soja. Tunda daga gida ya zo da ita, gwamnati ba ta da abin biya ke nan. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Biyetnam ta tono alƙaluma daga baya, ta nuna an sallami fiye da mutum 31,000 da wannan dalili tsakanin 2001 da 2010. Abin tambaya a nan, waɗannan mutane ai likitocin soja ne suka duba su ranar da aka ɗauke su, suka ce garau suke. An ba su bindiga, an tura su ƙasar wasu. Ashe gurɓacewar ba ta bayyana sai ranar biyan diyya?

Wannan hali ba yau aka fara shi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu akwai wata sallama da ake bugawa a shuɗiyar takarda, ita ba ta girmamawa ba, ita ba ta wulaƙanci ba, kuma ba sai an je kotu ba. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 7 cikin 100 na rundunar sojan ƙasa ba, amma su suka kwashi fiye da kashi 20 na shuɗɗan takardun nan. Jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ce ta tasa maganar a gaba a 1945, har Majalisa ta yi bincike, aka soke ta a 1947. Soke suna dai aka yi, domin an maye gurbinta da wasu sababbin sunaye. Zamanin yaƙin Biyetnam kuwa, kimanin mutum 260,000 suka fita da takardar “ba ta girmamawa ba”. Su nasu zaluncin ya fi fitowa fili, saboda sojojin Amurka sun janye daga Biyetnam a 1973, alhali ciwon razana bai shiga littafin cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ba sai 1980. An hukunta su a kan alamomin cutar da ba ta ma samu suna ba tukuna. Da suka zo neman gyara daga baya, sai a ce musu babu inda fayil ɗinsu na 1969 ko 1970 ya nuna suna da ciwon. Ta yaya zai nuna?

Ɗaya daga cikinsu shi ne Conley Monk, baƙar fata daga garin New Haven, sojan ƙundumbala da ya yi yaƙi a Biyetnam a 1969 aka sallame shi da baƙar takarda a 1970. A watan Maris na 2014 shi da wasu 'yan'uwansa, da taimakon ɗaliban koyon lauya na Jami'ar Yale, suka kai ƙarar shugabannin rundunonin. Cikin hujjojinsu har da cewa tun daga 1993, hukumar gyaran fayil ta sojan ƙasa ba ta amince da ko kashi 5 cikin 100 na buƙatun tsofaffin sojojin Biyetnam masu ciwon razana ba. A shekarar ne kuma Dave Philipps na wata jaridar garin Colorado Springs ya ci kyautar Pulitzer saboda jerin rahotannin da ya yi a 2013 kan sojojin da ake kora da raunukansu. ('Yan'uwa masu sha'awar rubutu, ku lura da wannan: daga Courier zuwa Kors zuwa Philipps, ba wanda ya yi aiki da zagi. Fayil suka nema, suka zauna da mutanen, suka ƙirga.) Matsin ya yi yawa. Ran 3 ga Satumban 2014 Sakataren Tsaro Chuck Hagel, wanda shi kansa saje ne a Biyetnam kuma an ji masa rauni a can, ya ba hukumomin gyara umarni su riƙa sassautawa idan mai nema ya kawo maganar ciwon razana.

Gaskiya ɗaya ce, umarnin ya yi aiki. A hukumar sojan ƙasa, waɗanda ake amince wa sun tashi daga kashi 3.7 cikin 100 a 2013 zuwa kashi 45 a shekarar da ta biyo bayan umarnin. Monk ya samu gyara a 2015. A 2016 aka ƙara wani umarnin da ya ce kada a kori mai nema don ya makara, a ƙarshen shekarar kuma Majalisa ta sa sassaucin a cikin doka. Mafi muhimmanci shi ne na ran 25 ga Agustan 2017, wanda wani babban jami'in Ma'aikatar Tsaro mai suna Kurta ya sa wa hannu. Shi ya faɗaɗa abin ya haɗa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa, da jijjigar ƙwaƙwalwa, da waɗanda aka yi wa fyaɗe ko cin zarafi a cikin soja. Ya ce a yi tambayoyi huɗu: ko mutumin yana da wata larura ko ya gamu da wani abin da zai iya zama uzuri, ko abin ya faru yana bakin aiki, ko lalle abin ya zama uzuri ga laifin, da kuma ko ya rinjayi laifin. Ya ce maganar mutumin kaɗai tana iya zama shaida, haka ma canjin halinsa, da lalacewar aikinsa bayan ya dawo, da faɗawarsa shaye-shaye, da bayanin iyalinsa.

A takarda, wannan ya yi kyau. To me ya sa muke ƙorafi?

Da farko, tashin nan daga kashi 3.7 zuwa 45 ba abin tafi ba ne kawai, shaida ce a kan hukumar. Mutanen su ne dai, fayilolin su ne dai, ciwon shi ne dai. Abin da ya canja wasiƙa ce daga sama. Ke nan duk waɗanda aka mayar kafin 2014 ba rashin hujja ne ya kayar da su ba.

Na biyu, kuma shi ne gundarin maganarmu, har yanzu wanda aka cuta shi ake ɗora wa nauyin tsarkake kansa. Hukumomin nan ba sa neman kowa, sai an neme su. Iri biyu ne. Akwai hukumar sake duba sallama, ita ana cika mata fom mai lamba 293, kuma ba ta sauraron wanda ya wuce shekara 15 da barin aiki. Akwai hukumar gyaran fayil, mai fom 149, wadda dokarta ta ce shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren, ko da yake tana iya ɗaga ƙafa. Mai nema zai nemo fayil ɗinsa na aiki da na asibiti. Zai samo likitan da zai rubuta cewa ciwon nan shi ya jawo laifin nan, likitan kuwa kuɗi zai ci, ga shi takardar da yake son gyarawa ita ce ta iya rufe masa asibitin gwamnati. Zai zauna ya rubuta da hannunsa abin da ya gani a yaƙi, abin da ya shekara ashirin yana gudun tunawa. Sa'an nan ya jira, wani lokaci fiye da shekara. Su kuma hukumomin suna farawa ne da ƙa'idar cewa abin da gwamnati ta yi daidai ne har sai an tabbatar da akasin haka. Wa ake nema ya yi duk wannan? Mutumin da cutarsa ita ce mantuwa da gudun hukuma da yanke ƙauna, wani ma a ƙarƙashin gada yake kwana. Kamar ka karya wa mutum ƙafa ne, ka ce maganin yana saman dutse, ya hau ya ɗauko.

A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta bincika yadda ake yi da matan da aka yi wa fyaɗe a soja, suka kai ƙara, aka kore su da baƙar takarda ko da tambarin gurɓacewar ɗabi'a. Ta tarar hukumomin gyaran fayil kan yanke hukuncin mutum cikin 'yan mintoci, kuma da wuya su kira shi su ga fuskarsa. Bayan umarnin sassauci ma sai da aka koma kotu, runduna bayan runduna. Steve Kennedy, wanda ya dawo daga Iraƙi da ciwo ya bar bariki ba izini don ya halarci ɗaurin aurensa, ya kai ƙarar sojan ƙasa, aka sasanta a 2021. Tyson Manker, sojan ƙundumbala da ya shiga Iraƙi a 2003 aka kore shi saboda wiwi bayan ya dawo, ya kai ƙarar sojan ruwa, aka sasanta a 2022. Sojan sama suka bi a 2024. A kowace sasantawa sai rundunar ta yarda ta sake duba fayilolin da ta riga ta yi watsi da su. Da an bi umarnin yadda aka rubuta shi, me zai kawo wannan? A 2025 ofishin binciken Majalisa ya sake dubawa, ya ga daga farkon 2018 zuwa Maris na 2024 an yi aiki da sassaucin a kan buƙatu fiye da 21,000, amma yawan waɗanda ake amince wa ya kama daga kashi 18 zuwa kashi 49, gwargwadon hukumar da mutum ya faɗa hannunta. Doka ɗaya, ciwo ɗaya, sai launin kakinka ya yanke maka rabo.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Sun ce idan kowa ya samu takardar girmamawa, to darajarta ta zube, an kuma cuci dubban da suka ga abin da waɗannan suka gani amma suka daure. Sun ce akwai masu laifin gaske da za su fake da ciwo. Wannan na biyun gaskiya ne, kuma wanda ya yi kisa ko fyaɗe ko ya daki matarsa har ya illata ta, ba shi muke wa magana ba; umarnin Kurta kansa ya ce laifin da aka shirya shi da gangan ba kasafai ciwo ke zama uzurinsa ba, kuma girman laifi yana iya rinjayar uzuri. Irin waɗannan ai kotun soja ke gare su. Amma maganar daurewa, ciwo ba jarrabawar jarumtaka ba ce. Mutum biyu sauro ɗaya zai cije su, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tafi gona, ba a ce wanda ya kwanta rago ne.

Alƙaluma ma ba su goyi bayansu ba. Wani rahoto na 2016 da lauyoyin tsofaffin sojoji suka yi tare da Jami'ar Harvard ya nuna cewa a cikin waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, kashi 1.7 cikin 100 ne Hukumar Tsofaffin Sojoji ta rufe wa ƙofa. A zamanin Biyetnam kashi 2.8. Waɗanda suka yi aiki bayan 2001 kuwa kashi 6.5, mutum fiye da 125,000. Shin jikokin sun ninka kakanninsu rashin tarbiyya kusan sau huɗu ne? Alhali kakannin da yawansu dole aka yi musu, jikokin kuwa da ƙafarsu suka kai kansu. Yawan waɗanda kotun soja ke kora bai canja sosai ba a tsawon shekarun nan. Abin da ya ƙaru shi ne korar ofis. Kuma dokar 1944 da ta kafa haƙƙoƙin tsofaffin sojoji ba ta ce sai mai takardar girmamawa ba, cewa ta yi duk wanda sallamarsa ba ta wulaƙanci ba ce. Hukumar ce ta zo da ƙa'idojinta ta ƙuntata ƙofar, har ya zama ga laifuffuka da yawa mafitar da ta rage ita ce mutum ya tabbatar hauka tuburan yake yi lokacin da ya aikata su. Sai a watan Yunin 2024 ta sassauta, ta yarda ta riƙa duba halin lafiyar ƙwaƙwalwa da wahalar da mutum ya sha. Shekara 80 bayan dokar. Wannan ma bai taɓa kalmar da ke jikin DD-214 ba, tana nan yadda take.

Akwai wata hujjar da muka san za ta fi zuwa zukatan masu karatunmu, ba kuma za mu kauce mata ba. Wani zai ce: ina ruwanmu? Waɗannan ba su ne suka ruguza Bagadaza da Falluja ba? Mutanen Iraƙi da suka mutu, da yaransu da suka taso cikin razana, wa ya ba su ko da fom ɗin cikawa? Babu. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu da abin da zai share ta, kuma ba muna cewa wahalar sojan da ya kai hari ta kai ta wanda aka kai wa ba. Amma a duba wa baƙar takarda take yi wa amfani. Waɗanda suka shirya yaƙin 2003 a kan makaman da ba a taɓa samu ba, ba wanda aka rubuta wa “ba ta girmamawa ba”. Bush da Cheney da Rumsfeld kowannensu ya zauna ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa, aka saya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk sojan da yaƙi ya taɓa wa hankali aka rubuta shi a matsayin mara ɗa'a, an cire shi ke nan daga lissafin ɓarnar yaƙin, an cire diyyarsa daga kuɗin yaƙin. Yaƙin sai ya fito da araha a idon talakan Amurka mai jefa ƙuri'a. Ƙasar da ta saba ganin yaƙi da araha kuwa ba ta daɗewa ba ta sake sayen wani ba, kuma ba a ƙasarta ake yin sa ba. Ko don wannan kaɗai muna da ruwa.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mun ga yadda gwamnatin nan ke da sauri idan ta so. A watan Nuwamban 2019 Shugaba Trump ya yafe wa Laftanar Clint Lorance, wanda kotun soja ta kama da laifin kisa saboda ya ba da umarni a harbi wasu 'yan Afganistan a kan babur a 2012, biyu suka mutu. Sa hannu ɗaya ya fita daga kurkuku. A watan Oktoban 2024 Ma'aikatar Tsaro ta sanar cewa da kanta ta ɗauko fayilolin waɗanda aka kora a ƙarƙashin tsohuwar dokar da ta shafi masu neman jinsinsu, ta mayar da fiye da 800 na girmamawa, ba tare da sun cika fom ba. A watan Janairun 2025 aka ba da umarnin a mayar da sojojin da aka kora don sun ƙi rigakafin korona, su fiye da 8,000, bakin aiki. Ra'ayin mutum a kan kowanne daga cikin ukun nan nasa ne. Abin da suka tabbatar shi ne hanyar tana nan, kuma jam'iyyun biyu duk sun san ta.

Saboda haka abin da muke cewa ba mai wuya ba ne. Sunayen mutum 13,283 ɗin nan suna cikin kwamfutar Ma'aikatar Tsaro, tare da sunan ciwonsu da ranar da likita ya gano shi. Da ba sa ciki da masu bincike ba su ƙirga su ba. A ɗauko fayilolinsu da na irinsu a duba ba sai sun roƙa ba. Inda likitan soja ya riga ya rubuta ciwo kafin kora, kuma laifin ba na cutar da wani ba ne, nauyin hujja ya koma kan rundunar, ita ta nuna dalilin da zai sa baƙar takardar ta zauna. Magani kuma a raba shi da takarda gaba ɗaya, domin wani babban binciken da aka buga a 2015 ya nuna masu irin wannan sallama sun kusa ninka sauran wajen kashe kansu, kuma ba a ce wa mai irin wannan hali ya jira hukuma ta zauna.

Conley Monk ya jira shekara 45. Abokansa na Biyetnam da ke raye duk sun haura shekara 70, da yawa kuma sun riga mu gidan gaskiya da takardarsu yadda aka rubuta ta. Dokar ta yarda matar mamaci ko 'ya'yansa su cika fom 149 a madadinsa. Idan hukumar ta amince, sai a aiko musu da gyararriyar takardar.